Zogale

zogale [zōgalē] *sn., nj., jm.* babu.

1. Bishiya mai laushin itace, ƙananan ganye, farin fure da doguwar kwafsa mai kusurwa 3, *Moringa oleifera*, asalinsa arewacin Indiya. *Mis.:* an yi dangar ~ a Dingaya.

2. Ganyensa da ake dafawa. *Mis.:* kwaɗon ~ da ƙuliƙuli. Ana tallan ~ a kasuwar Gwaram.

3. *kim.* Dangin *Moringa*, mai jinsi 13, kashi 3 bisa siffa: (a) masu kumburarren gindi: *M. stenopetala* (Habasha, Kenya), *M. ovalifolia* (Namibiya), *M. drouhardii* (Madagaska), (b) sirara: *M. oleifera*, *M. peregrina* (gaɓar Bahar Maliya), (c) masu saiwa kamar rogo (ƙahon Afirka).

4. *noma* Iri: na gida ko PKM-1 na Indiya, mai saurin 'ya'ya. Dashen reshe kan gado halin uwa sak. Shukar ƙwaya kan bambanta a tsawon kwafsa da girman ganye.

*Harɗaɗɗu:* garin ~, man ~, miyar ~.

*Daidai da:* zogalagandi, bagaruwar Makka, tamaka (Nijar).