GADO

gado [gaadòo] *sn., nj.*, ba jam'i. Dabam da *gado* [gadoo], abin kwanciya.

1. Abin da mamaci ya bari na gida ko gona ko kuɗi, wanda Shari'a ke mallaka wa danginsa bayan an fitar da kuɗin jana'iza, an biya bashi, an kuma zartar da wasiyya, muddin ba ta haura sulusi ba. *Mis.* Ya ci gadon mahaifinsa. *Dd.* mirasi, tarika.

2. *gidan ~*: gidan da magada ke tarayya a kansa kafin rabo, wanda akan damƙa wa wakili amintacce ya gyara rufinsa kafin damina, ya karɓi haya, ya riƙe lissafi. *Mis.* Gidan gadonmu na Gadarif yana hannun kawu.

3. *rabon ~*: ƙayyade wa kowa kasonsa bisa ilmin fara'ili, kamar sumuni ga matar mamacin da ya bar ɗa, ko rubu'i in bai bari ba. A Sudan dokar iyali ta Musulmi ta 1991 ake bi.

4. *sayar da ~*: cinikin gidan da ba ya rabuwa, bayan alƙali ya tabbatar da magada, dillalai sun yi ƙima, an kuma kiyaye haƙƙin marayu. Magajin da ke tarayya a gidan yana da shufa'a a kan baƙo.

5. Hali ko sana'a da aka taras wurin iyaye. *Mis.* Noman riɗi gado ne a gidansu.

*Dangi:* gada [gàadaa] *fi.*, magaji [magàajii] *nj.*, magajiya [magaajìyaa] *mc.*, magada [magàadaa] *jm.*