Jinin da Ya Zuba a Ƙofar Wambai

Ya kai mai karatu, in ka taɓa sayen bokiti ko kwanon roba a kasuwar Kazaure ko ta Roni, mai yiwuwa daga Ƙofar Wambai ta Kano aka saro shi. A wannan kasuwa ce wata dattijuwa, Bridget Agbahime, 'yar asalin Jihar Imo, matar wani fasto na ikilisiyar Deeper Life, take sayar da kayan roba. Shekarunta 74 sa'ad da aka kashe ta, ran Alhamis 2 ga Yuni, 2016.

Bisa ga abin da mijinta ya faɗa wa manema labarai, mafarin abin gardama ce a kan yin alwala a ƙofar shagonta. Kafin a ankara magana ta bazu cewa ta yi ɓatanci, mutane suka taru. Wani Alhaji ya shigar da ita da mijinta ofishinsa domin ya kāre su, amma taron ya fi ƙarfinsa, aka kashe ta a gaban idon mijinta. Ina roƙonka ka riƙe Alhajin nan a ranka, gama masu ba da labarin sukan tsallake shi, alhali shi ma a bakin ransa ya tsaya.

Da farko kamar za a yi abin kirki. Shugaba Muhammadu Buhari ya yi tir da kisan, Gwamna Abdullahi Ganduje ya tara shugabannin addinai da na al'umma, manyan Musulmi suka ce Musulunci bai ba kowa izinin ɗaukar doka a hannunsa ba. 'Yan sanda suka gurfanar da mutum biyar a kotun majistare.

To, a nan sai ka lura da yadda shari'a take tafiya. Majistare ba shi da hurumin yanke hukunci a kan kisan kai. Iyakarsa ya tsare waɗanda ake tuhuma har Ma'aikatar Shari'a ta duba fayil ɗin 'yan sanda, ta ce ko a kai su Babbar Kotu ko a sake su. Sashe na 211 na Kundin Tsarin Mulki kuwa ya ba Antoni Janar na jiha ikon dakatar da ƙara. Ran 3 ga Nuwamba, 2016, aka gabatar da shawararsa cewa mutanen nan ba su da laifin da za su amsa, majistare ya sallame su. Ba a kira mijin marigayiyar ya tsaya gaban alƙali ya faɗi abin da idonsa ya gani ba.

Ba ni cewa a rataye biyar ɗin. In ba su da laifi, sakinsu shi ne daidai, gama Ubangiji yana ƙyamar hukunta marar laifi kamar yadda yake ƙyamar sakin mai laifi. Abin da ke ci mini rai shi ne, da aka sallame su sai maganar ta mutu. In ba su ba ne, su wane ne? Da rana aka yi abin, a tsakiyar kasuwa cike da idanu. Kano kuma ta riga ta ga irinsa: a Disamba 1994 an kutsa gidan yari aka kashe Gideon Akaluka, wanda yake hannun hukuma yana jiran shari'a.

Buɗe Maimaitawar Shari'a sura 21. A can, in an tsinci gawa a fili ba a san makashin ba, ba a yarda a ce tun da babu wanda aka kama magana ta ƙare. Sai dattawa da alƙalai su fita su auna nisa zuwa garuruwan da ke kewaye. Dattawan garin da ya fi kusa su kawo karsana a karya wuyanta a kwari, su wanke hannuwansu a kanta, su shaida a fili cewa hannunsu bai zub da jinin ba, idonsu kuma bai gani ba. Ka ga sharaɗin yana da nauyi, domin wanda ya gani ya yi shiru ba zai iya wannan rantsuwa ba.

A Ƙofar Wambai babu bukatar awo. An san garin, an san layin shagunan, an san ranar. Wata biyar da kwana ɗaya ne tsakanin kisan da sallamar, kuma tun daga ranar ba a ji kotu ta kama kowa da laifin jinin Bridget Agbahime ba.