Tarihin gardamar afendis, daga Darwin zuwa mahautan Ngurore

Duk wanda ya taɓa zama a hostel, ko a Girei ko a Jimeta, ya san gardamar nan da ba ta ƙarewa. Ɗan ajin kimiyya ya ce afendis kufai ne, ragowar wata gaɓa da kakannin mutum suka daina amfani da ita. Ustazun ɗaki ya ce a'uzubillahi, Allah bai halicci komai a banza ba. A yi ta ɗaga murya har a kira Asuba. Ni dai abin da na lura, ɓangarorin biyu suna faɗa ne da makaman da suka tsufa, shi ya sa na ga ya dace in kawo tarihin abin.

Shi afendis ɗan siririn bututu ne kamar ɗan yatsa, yana maƙale a jakar da ke farkon babban hanji, ƙasan ciki ta dama. Tsofaffin likitoci ba su ma bayyana shi ba. Galen, wanda likitocin Girka da na Musulmi suka daɗe suna bin littattafansa, birai da aladu yake fedewa, ba mutane ba, su kuwa waɗannan ba su da shi. Sai a 1521 wani likitan Italiya, Berengario da Carpi, ya rubuta bayaninsa. Ko Larabawa da suka zo raɗa masa suna, "za'ida" suka ce, wato ƙari. Kun ga ke nan tun kafin Darwin ana yi masa kallon ɗan rakiya.

A 1871 Darwin ya fitar da littafinsa kan asalin ɗan Adam. A ciki ya ce dabbobin da ke cin ganye suna da babbar jaka a wannan wuri don narkar da shi, to da kakannin mutum suka sauya abinci sai jakar ta tsuke, afendis ne abin da ya rage. Ya ce ba ya da amfani, har ma yana kisa idan ƙwayar 'ya'yan itace ta maƙale a ciki. Abin dariya, wannan ita ce maganar iyayenmu mata idan sun ga yaro yana haɗiye 'ya'yan gwaba. A 1893 wani Bajamushe, Robert Wiedersheim, ya jera gaɓoɓi 86 da ya ce duk ragowa ne. Lokacin shari'ar Scopes a Amurka a 1925, inda aka gurfanar da malamin makaranta don ya koyar da ra'ayin Darwin, wani masani ya kai lissafin 180. A cikin jerin Wiedersheim akwai gaɓoɓin da yau ko ɗan aji ɗaya a makarantar likitanci ya san aikinsu.

Su kuwa masu fiɗa ba su jira a gama gardama ba. A 1735 Claudius Amyand ya cire wa wani yaro ɗan shekara 11 afendis a Landan, yaron ya rayu. A 1886 Reginald Fitz na Harvard ya nuna cewa kumburin wannan ɗan bututu ne ke kashe mutane da yawa da ake cewa ciwon ciki ne kawai. A 1902 sai da aka ɗage naɗin Sarkin Ingila Edward na Bakwai daga Yuni zuwa Agusta saboda an yi masa aiki. Tun da ana cirewa mutum ya ci gaba da rayuwarsa lafiya, sai kowa ya ɗauka Darwin ya gama magana.

To amma tun 1900 wani likita mai suna Richard Berry ya nuna afendis cike yake da irin naman da ke tara sojojin garkuwar jiki. Ba a kula sosai ba. Sai a 2007 William Parker da abokan aikinsa a Jami'ar Duke suka kawo wata fassara: hanjin mutum cike yake da ƙwayoyin halitta masu amfani, idan gudawa mai tsanani irin ta kwalara ta wanke hanji, waɗanda suka ɓuya a lungun afendis su ne ke fitowa su sake yaɗuwa. Kamar dai irin shuka da manomi ke ɓoyewa a rumbu. Mu da muke ganin kwalara kusan duk damina idan Binuwai ta cika, wannan magana ta fi shafarmu fiye da su da suka rubuta ta. Sai dai a sani, hasashe ne mai ƙarfi, har yanzu ana gwada shi.

Ga inda na fi so. Heather Smith da tawagarta sun bi ɗaruruwan dabbobi masu shayarwa suna duba wa ke da afendis wa ba ya da shi. Ku ma za ku iya fara wannan bincike a Ngurore. Ku je wajen mahauta ranar kasuwar shanu ku sa a baje muku kayan cikin sa ko na rago. Za ku ga tumbi, ku ga jakar nan ta bakin babban hanji ƙatuwa, amma babu afendis. Zomo kuwa yana da shi, dogo ma. Sakamakon Smith, a 2013 da kuma 2017, ya nuna afendis ya ɓullo a zuri'o'in dabbobi daban-daban kusan sau 30, kuma inda ya ɓullo da wuya ya ɓace. Abin da ba ya da amfani ba ya yawan dawowa haka. Saboda haka bayanin Darwin kan wannan gaɓa bai tsaya ba.

Yanzu na san wani zai yi kabbara ya ce an gama. A yi haƙuri tukuna. Smith da Parker ba masu ƙaryata juyin halitta ba ne, da bishiyar dangantakar dabbobi ta wannan ka'ida suka yi lissafinsu. Wanda ya ɗauki sakamakonsu ya ce ya rushe ka'idar, ya ari gatarin mutum ne yana cewa mutumin ba ya da gatari. Mafi yawan hujjojin da nake ji a ɗakunanmu daga littattafan Harun Yahya na Turkiyya suka fito, shi kuma yawancinsu ya kwaso su ne daga masu wa'azin Kirista na Amurka. Sannan ni ina jin tsoron ɗora imani a kan rahoton ɗakin gwaji. Da a ce hikimar Allah a jikin mutum tana jiran likita ya gano ta, to Musulmin da suka rayu tsakanin 1871 da 2007 me za su riƙe? Haka shi ma ɗan kimiyyar da ke cewa "ba ya da amfani" don ya gani a tsohon handawut, ya makara da fiye da shekara ɗari.

Saura Denis Burkitt, likitan fiɗa da ya yi shekaru a Kamfala ta Uganda. Ya lura da wuya a kawo masa mutumin ƙauye da ciwon afendis, alhali a Ingila aikin yau da kullum ne. A 1971 ya rubuta cewa bambancin abinci ne, su suna cin hatsi da dusarsa, Turawa suna cin tataccen gari da sukari. Ba duk likitoci suka yarda wannan ne kaɗai dalili ba. Amma idan na dubi abin da muke ci a makaranta, burodi da safe, indomi da dare, tuwon dawa da miyar kuka sai an je gida hutu, nakan tuna da shi. Wanda ya ji ciwo ya fara daga cibiya ya gangara ƙasan ciki ta dama, ga zazzaɓi ga amai, kada ya tsaya kemis ko jiƙe-jiƙe, ya wuce asibiti a daren, domin idan ya fashe a ciki aikin ya zama wani daban.