Tarihin Tsatsa da Masu Walda a Hanyoyin Ƙaura, Shinkafi da Zurmi

Tun daga shekarar 1929, sa'ad da layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau ya zo ya tuƙe a Ƙauran Namoda, garin nan ya zama matattarar gyaɗa da auduga da fatu na arewacin ƙasar Zamfara, kuma kayan da raƙuma da jakuna suka saba kawowa daga Shinkafi da Zurmi, sannu a hankali manyan motoci suka karɓe ɗaukarsu. Yawancin motocin wancan zamani, irin su Bedford ta Ingila, kafintoci ne ke gina musu jiki da katako, saboda haka abin da mai mota ya fi tsoro shi ne ruɓewar katako da karyewar sifirin a kan hanyar burji.

Bisa ga al'ada, ƙasarmu ba ta tsatsa ba ce, domin ƙarfe ba ya tsatsa sai ruwa da iska sun haɗu a kansa, mu kuwa muna shafe fiye da rabin shekara ba mu ga ɗigon ruwan sama ba. Amma idan damina ta kankama, mota ta kutsa cikin lakar fadamun Gagare da Bunsuru, lakar takan maƙale a lungunan da ido ba ya kaiwa, ta riƙe danshi makonni bayan hanya ta bushe. Kayan da ake lodi ma suna da nasu laifin: buhun gishiri, da kanwa, da takin zamani, da fitsarin awakin da aka ɗauko daga kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, duk suna cin kwanon mota daga ciki. Dalili ke nan da direbobin da suka san amanar ƙarfe sukan sa yaran mota su wanke ƙarƙashinta, su shafe shi da baƙin mai kafin ruwan farko ya sauka.

Da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, sai 504 da akori-kura suka cika tashoshinmu, jikinsu duk kwano ne, kafinta ya koma gefe, mai walda ya shigo fage. Babban sauyi kuwa ya zo ne bayan 1986, lokacin da darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari talaka, aka koma sayen tsofaffin motocin Turai da ake saukewa a Kwatano da Legas. A ƙasashen da suka fito, ana watsa gishiri a kan titi lokacin hunturu don ya narkar da ƙanƙara, sai ga mota ta iso Zurmi fentinta yana ƙyalli, alhali cutar da ta kwaso a titunan Jamus ko Beljiyam ta riga ta yi nisa a ƙarƙashin ƙofofi da bakin tayoyi. Motocin Golf ɗin nan da ake labta wa buhuna har bayansu ya kusa taɓa ƙasa, da yawansu da wannan ciwo suka zo.

Wanda ya taɓa zama a rumfar mai walda ya ga yadda gwani ke aiki. Yakan durƙusa ya bi ƙasan mota da bakin sukundireba yana ƙwanƙwasawa, inda ƙarfe ya amsa da ƙara ya wuce, inda ya ji sauti ya mutu ya danna, sai ka ga jar ƙasa tana zubowa kamar garin makuba. Daga nan ya yanke wurin har sai ya tarar da farin ƙarfe mai rai, ya auno faci daga ƙofar wata matacciyar mota, ya bubbuge shi a kan guntun ƙarfen dogo har ya yi daidai da ramin, ya ɗinke da wuta, ya bi da jan fenti ciki da waje. Wannan aiki ɗan'uwan ƙira ne, haƙuri ɗaya suke bukata.

Abin da ke damuna shi ne wata dabara da ta yaɗu daga baya, inda ake cusa wa rami fila, a goge, a fesa fenti, a kai mota kasuwa. Malaman fiƙihu na mazhabar Imamu Malik sun daɗe da bayyana cewa wajibi ne mai sayarwa ya faɗi aibin hajarsa, kuma mai saye yana da haƙƙin mayar da ita idan ɓoyayyen aibi ya bayyana. To, ina ga aibin da ke ƙarƙashin ƙafafun fasinjoji, mata da yara, a kan hanyar Ƙaura zuwa Jibiya? Ɓoye tsatsa da fila algus ne tsantsa. Ina roƙon masu walda da dillalan mota na ƙasarmu su ji tsoron Allah, su yanke abin da ya ruɓe, su gaya wa mai saye gaskiya.