Farfela Huɗu a Bakin Dajin Rugu: Tarihin da Ke Cikin Laluran Ƙaramin Jirgi Marar Matuƙi

Batsari da Safana sun daɗe da sanin darajar hango nesa. Tun ƙarni na 19, bayan jihadi ya kori sarakunan Haɓe na Katsina suka kafa Maraɗi, dajin da ke yamma da waɗannan garuruwa ya zama hanyar mahara, Ruma kuma ta zama garin bakin dāga. Maharan sun sauya, dajin Rugu yana nan inda yake. A Fabrairun 2020 an kashe kimanin mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na ƙaramar hukumar Batsari, a Disambar shekarar kuma aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara aka nausa daji da su. Ba mamaki idan maganar jirgi marar matuƙi ta shiga bakin jama'ar yankin.

Jiragen iri biyu ne. Akwai manya masu fukafukai na soja, akwai kuma ƙanana masu farfela huɗu, irin waɗanda masu ɗaukar hoton biki ke tayarwa a Katsina da Kano. Ƙaramin ne hannun mutum ɗaya ko ƙungiyar gari ke iya kai wa, shi ne kuma mai saurin lalacewa. Laluransa sanannu ne: ya kife da tashinsa, inji ɗaya ya riƙa shessheƙa, injuna su ɗau zafi, ko ya kama zagaye a sama kamar shirwa. Kowace daga cikinsu tsohuwar matsala ce da injiniyoyi suka shafe kusan shekara 100 suna fama da ita, kuma wanda ya san tarihinta ya san inda zai fara dubawa.

Jirgin da ya fi ƙarfin matuƙinsa

Jirgi mai farfela huɗu ya girmi helikwafta irin wadda aka sani yau. A 1907, a garin Douai na Faransa, 'yan'uwa biyu Louis da Jacques Breguet tare da Charles Richet suka ƙera wanda ya ɗaga daga ƙasa da abin da bai kai mita ɗaya ba, mutane na riƙe da kusurwoyinsa huɗu don kada ya kife. A Disambar 1922 George de Bothezat ya tayar da nasa a Dayton da kuɗin sojan Amurka, amma bayan shekara biyu sojan suka janye hannunsu. A Mayun 1924 Étienne Oehmichen ya kewaya kilomita ɗaya a Faransa ya dawo inda ya tashi, sai da ya ƙara wa jirginsa ƙananan farfela takwas kafin ya sarrafu.

Abin da ya kayar da su duka ɗaya ne. Farfela huɗu tamkar mutum huɗu ne ɗauke da makara: muddin ɗaya ya ɗara sauran ƙarfi ko da kaɗan, sai kayan su karkata. Dole a riƙa gyara ƙarfin kowace farfela sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, abin da hannu da idon ɗan Adam ba za su iya ba. Da Igor Sikorsky ya tayar da helikwaftarsa mai babbar farfela ɗaya da ƙarama a wutsiya a 1939, sai aka jingine tsarin farfela huɗu na tsawon shekaru.

Wannan ne asalin lalurar kifewa da tashi. Farfela biyu na juyawa dama, biyu hagu, don ƙarfin murɗarsu ya kashe juna. Idan mai gyara ya ɗaura farfelar dama a injin hagu, ko ya musanya layin injuna, ko ya kafa allon sarrafawa gabansa na kallon baya, to duk gyaran da jirgin zai yi wa kansa ƙara karkatar zai yi, ya kife kafin ya kai gwiwa.

Dabarar matuƙin jirgin ruwa

Lissafin da ya warware matsalar daga teku ya fito. A 1922 Nicolas Minorsky, injiniya haifaffen Rasha da ke aiki da sojan ruwan Amurka, ya lura cewa gwanin matuƙi yana duba abu uku: yawan kaucewar jirgi daga hanya, tsawon lokacin da ya ɗauka a kauce, da saurin da kaucewar ke ƙaruwa. Ya mayar da wannan lissafi, wanda yau ake kira PID, kuma shi ne ke gudana a ƙwaƙwalwar ƙananan jiragen nan sau ɗaruruwa ko dubbai a kowace daƙiƙa.

Sai dai lissafi yana buƙatar abin da zai gaya masa jirgi ya karkata. Na'urar jin karkata a da ƙatuwar ƙafa ce mai juyawa, mai nauyi da tsada. Wayar salula da wasan kwamfuta ne suka mayar da ita ƙwayar da ba ta kai farce ba. A 2009 kamfanin Nintendo ya fitar da Wii MotionPlus, a 2010 kuma wani Bafaranshe, Alexandre Dubus, ya ciro na'urar daga cikinsa ya haɗa da allon Arduino ya samar da MultiWii, wanda daga zuriyarsa Betaflight ta fito a 2015. A Sin, Frank Wang ya kafa DJI a 2006, ya fitar da Phantom a 2013, jirgin da aka saya a kwali aka tayar ba tare da an haɗa komai ba.

Raunin wannan ƙwaya shi ne ba ta bambance karkata da jijjiga. Farfela mai tsaguwa ko lanƙwasa, ko boris da ya ci, yana girgiza jikin jirgin. Ƙwaƙwalwa ta ɗauka faɗuwa ake yi, ta riƙa ba injuna umarni da warwarewa, su ɗau zafin da hannu ba ya iya taɓawa bayan minti biyu. Mai gaggawa sai ya sayi sabon inji, alhali maganin sabuwar farfela ce da robar da ke raba allon da jikin jirgi. Zagayen shirwa kuwa galibi kamfas ne ya rikice, don an daidaita shi kusa da kwanon rufi, rodi ko mota.

Mayen ƙarfe da jar ƙasa

Injin kansa yana da nasa tarihi. Tsohon injin lantarki yana da gawayin da ke gogar abin juyawa, irin wanda masu gyaran janareta ke sauyawa. Na jirgin nan ba shi da gawayi: koyil na tsaye a tsakiya, ƙoƙo mai jere da mayen ƙarfe na juyawa a kewayensa, wata ƙaramar na'ura mai daidaita gudu na aika wuta ta wayoyi uku bi da bi. Ƙarfinsa ya samu ne daga mayen ƙarfen niyodimiyam da Masato Sagawa na Sumitomo a Japan da John Croat na General Motors suka gano daban-daban a farkon shekarun 1980, sannan batirin litiyam da Sony ya fara sayarwa a 1991 ya rage nauyi.

A nan yanayin yammacin Katsina ke shigowa. Jar ƙasa tana ɗauke da ƙarfe, mayen kuma yana jawo ɓurɓushinsa duk lokacin da farfela ta tayar da ƙura wajen tashi da sauka. Ratar da ke tsakanin maye da koyil ba ta kai milimita ɗaya ba, don haka ƙasa kaɗan ta isa ta sa inji ƙara kamar dutsen niƙa. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, iska na yin shara-shara, injuna su ƙara aiki don ɗaukar nauyi ɗaya. Mayen niyodimiyam na gama-gari yana fara rasa ƙarfi idan ya haura digiri 80, batir kuma ya kumbura. Tabarma ko faifan katako a wurin tashi, da tashi da sanyin safiya, suna tsawaita ran inji.

Hanyar gano laifi tsohuwa ce a wurin kowane bakanike. A fara cire farfela duka, don tana yanka har ƙashi. A ɗauke injin da ake zargi a mayar da shi wani hannun jirgin: idan lalurar ta bi shi, laifinsa ne, idan ta tsaya a wurin farko, a duba mai daidaita gudu ko wayar da ke kawo masa umarni. Shessheƙa ba tare da juyawa ba sau da yawa waya ɗaya ce cikin ukun ta saki dalma, ko sukuru mai tsawo ya huda koyil. Injin da ke juyawa baibai kuwa, musanya kowace biyu cikin wayoyin uku ya isa.

Saye da gyara

Nijeriya ta gwada hanyoyin biyu a manyan jirage. Sojan sama sun ƙaddamar da Gulma a Kaduna a Disambar 2013, sannan Tsaigumi a Fabrairun 2018 da taimakon kamfanin UAVision na Fotugal. A tsakani, a Janairun 2015, jirgi ƙirar CH-3 da aka sayo daga Sin ya faɗo a Borno. Ƙaramin jirgi ba ya kusa da waɗannan: batirinsa ba ya daɗewa, Rugu kuwa ya miƙe har Zamfara. Iyakarsa leƙa gona, hanya ko bayan gari. Ko hakan ma yana da sharaɗi, domin tun Mayun 2016 hukumar NCAA ta hana tayar da irin waɗannan jirage sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma a yankin da sojoji ke aiki, abin da ke yawo a sama ba da sanin jami'ai ba yana iya jawo wa mai shi bala'i.

Wanda ya cika sharaɗin zai tarar cewa sayen ne mai sauƙi. Hannun da za su riƙe jirgin a raye kuma suna nan kusa: mai gyaran waya da ke liƙa ƙwayoyi da dalma a kasuwar Farm Centre ta Kano ko a rumfarsa a Dutsin-Ma, da mai naɗin koyil ɗin fanka da injin ban-ruwa. Abin da ya rage musu shi ne sanin yadda allon ke lissafi da samun kayan gyara: farfela, boris, mai daidaita gudu da batir. Duk wata ƙaramar hukuma ko ƙungiya da ke tunanin sayen jirgi don garuruwan bakin Rugu, ya kamata kasafinta ya haɗa da waɗannan da kuɗin koyar da mutum biyu ko uku daga cikin masu gyaran garin tun kafin kwalin ya iso.