Wanne Za A Fara Karantawa? Darasi Daga Littattafan Chase

Duk wanda ya yi sakandare a ƙasar Gumel cikin shekarun 1990 ya san yadda littattafan James Hadley Chase suka riƙa yawo daga hannu zuwa hannu, wani ba bango, wani ba shafin ƙarshe. Wannan Bature, da aka haifa a Landan a 1906 ya rasu a 1985, ya rubuta littattafai kusan 90, mu kuwa wanda ya faɗo hannu shi muke karantawa.

Wata Alhamis a kasuwar Maigatari na sayi I Hold the Four Aces. Na ga wani lauya, Jack Archer, yana ƙulla wa attajira Helga Rolfe tuggu, amma na kasa gane asalin gabarsu. Ashe daga wutsiya na faro. Labarin Helga littafi uku ne: An Ace Up My Sleeve na 1971, inda Archer ya ci amanar dukiyar mijinta, The Joker in the Pack na 1975, inda mijin ya mutu, sannan nawa, na 1977. Shekarar bugu da ke cikin kowanne ita ta warware mini jerin daga baya. Duk da haka ban yi asara ba, domin Chase kan rufe kowane littafi da ƙarshensa.

To, mu fa? Littattafanmu na farko masu sa zuciya dukan uku-uku, wato Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, sun fito a 1982, kowanne dunƙule guda. Amma daga tsakiyar shekarun 1980, da marubutan Kano suka shiga buga littafi da kuɗin aljihunsu, sai tsadar takarda ta sa aka riƙa raba labari ɗaya gida biyu ko uku, a sayar da na ɗaya a buga na biyu. Akan yanke labarin daidai inda aka ɗana kunamar bindiga, a ce mu haɗu a littafi na gaba. Mai karatu a Gagarawa ko Sule Tankarkar ya je shagon haya ya tarar da na biyu, na ɗaya an ara ba a dawo da shi ba. Abin da ya fi ciwo, da yawansu ba shekarar bugu, har manazarta na yau sukan sha wuya kafin su gane wanne ya riga wanne.

Saboda haka, 'yan'uwa marubuta, in za ku yi jerin littattafai, ku sa lamba a bango, shekara a ciki, ku jera sunayen waɗanda suka gabata. Ku kuma bai wa kowane littafi ƙarshen da zai gamsar da wanda shi kaɗai ya samu. Allah Ya ƙara wa alƙalami albarka, amin.