Rigar Byang Kato: Me Ya Kamata Ya Zo Da Fari?

'Yan'uwa cikin Almasihu, karatunmu na yau yana cikin Matiyu 6:33, inda Ubangiji Yesu ya nuna wa almajiransa cewa mulkin Allah da adalcinsa su ne abin nema na fari, abinci da sutura kuma su biyo baya. Domin mu ga yadda wannan koyarwa take a rayuwar mutum, bari mu duba tarihin wani ɗan ƙasarmu, wato Dokta Byang Kato.

An haifi Byang Kato a watan Yuni na 1936 a Kwoi, cikin mutanen Ham waɗanda ake kira Jaba. Turawan mishan na SIM sun riga sun zauna a Kwoi tun 1910, amma gidan su Byang gidan tsafi ne, mahaifinsa kuwa ya keɓe shi domin ya gaji aikin. Da yaron ya ji bishara ya fara zuwa makarantar mishan, sai ya gamu da fushin mahaifinsa, har da duka. Duk da haka bai ja da baya ba. Yakan yi noma da safe, sa'an nan ya tafi makaranta. A 1948 aka yi masa baftisma yana da shekara 12.

A 1953 aka yi babbar falkaswa a Kwoi. Mutane suna tuba da kuka, suna kawo baiko domin aikin bishara. Byang ya fito gaban jama'a ya furta zunubansa, ya tuɓe rigar da ke jikinsa ya ajiye tare da sauran baiko. Bisa ga shaidar da shi kansa ya bayar, yana durƙushe cikin addu'a ya gane cewa abin da Ubangiji yake nema a wurinsa ya fi riga, ransa ne dukka. Nan take ya miƙa kansa. Haka Bulus ya yabi ikkilisiyoyin Makidoniya a 2 Korantiyawa 8:5, domin sun ba da kansu ga Ubangiji tukuna kafin su ba da dukiyarsu.

Ku lura da abin da ya biyo baya. Sa Allah a gaba bai hana shi neman ilimi ba. Ya gama makarantar Littafi Mai Tsarki ta Igbaja a 1957, ya yi aure a shekarar, ya shiga koyarwa. Bai taɓa zama a ajin sakandare ba, amma ya yi karatu a gida ta hanyar wasiƙa har ya ci jarrabawar da ta buɗe masa ƙofar karatu a London, inda ya sami digiri na tauhidi. Da ya dawo, ikkilisiyar ECWA ta zaɓe shi Babban Sakatare a 1967, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke. Daga baya ya tafi Dallas a Amurka, ya sami digirin dokta a 1974.

Mutum mai irin wannan takarda a wancan zamani yana iya samun babbar kujera a jami'a ko a gwamnati. Byang ya zaɓi hidimar ikkilisiya. A 1973 aka naɗa shi Babban Sakatare na ƙungiyar masu bishara ta Afirka da Madagaska, mai ofishi a Nairobi, shi ne kuma ɗan Afirka na fari da ya riƙe muƙamin. Damuwarsa ita ce ikkilisiya tana ƙaruwa da yawan mutane amma koyarwa ba ta da zurfi. Ya yi ta gargaɗi cewa mu ƙaunaci harshenmu da al'adunmu, amma Maganar Allah ce za ta gwada al'ada, al'ada ba za ta gwada Maganar Allah ba.

Ran 19 ga Disamba 1975 ruwa ya ci shi a bakin teku kusa da Mombasa, a ƙasar Kenya, yana hutu da iyalinsa. Shekarunsa 39 kacal. Manyan makarantun tauhidi da ya yi ta roƙo a kafa, an buɗe su bayan rasuwarsa, ɗaya a Bangui a 1977, ɗaya a Nairobi a 1983. Da a ce ya ajiye hidimar Allah sai ya gama gini ya aurar da yara, da bai sami ranar farawa ba.

To, mu fa? Daga Gidan Waya zuwa Kafanchan, Kagoro da Zonkwa, kowane uba yana fama da kuɗin makaranta, kowace uwa tana lissafin citta da masara. Ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya suna tunanin aikin da za su samu bayan karatu. Waɗannan duka abubuwa ne masu kyau, Ubanmu na sama ma ya san muna bukatarsu. Tambayar ita ce wanne ne yake gaba. Baba, kana sanin sakamakon jarrabawar ɗanka, amma ka san ko ya karɓi Yesu? Mama, kina sammakon kasuwa, amma yaushe rabon gidanki da addu'ar iyali? Saurayi, idan aka ce sai ka ba da cin hanci ko ka yi satar amsa kafin ka wuce, wa za ka bi?

Marta ba zunubi take yi ba sa'ad da take hidimar abinci, amma Maryamu ce Ubangiji ya yaba, domin ta zauna ta ji maganarsa tukuna (Luka 10:38-42). A daren yau, kafin ku kwanta, ku tara yara, ku karanta Matiyu 6:25-34, ku bayyana musu da harshenku na gida, kowa kuma ya faɗi abu ɗaya da ya sha gaban Allah a zuciyarsa.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka karɓe mu tukuna, sa'an nan ka karɓi aikin hannuwanmu. Cikin sunan Yesu, Amin.